Akawal Ba Ya Rufa wa Maigida Asiri

A Tambuwal da Kebbe, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, mutum yana da hanyoyi da yawa na rufa wa kansa asiri. Rumbu ya zama fanko, a shafe zaure da fenti. Bashi ya kai wuya, a ɗinko shadda mai aiki har gwiwa. Furfura ta ɓullo, a sayo baƙin rini a kemis kafin Juma'a. Kowa a gida ya yarda da wannan tsari, har yara, in ban da dabbar da ke ɗaure a turke. Akawal, wato baƙin doki, bai taɓa sa hannu a wannan yarjejeniya ba. Gashinsa littafin bashin mai shago ne: abin da aka ba shi da abin da aka hana shi duk a rubuce suke, kuma ranar hawan Sallah ake buɗe littafin a gaban jama'a. Dokin da aka sayo baƙi wuluk sai ga shi ya fito ja-ja, geza ta yi kalar tsatsa, gadon baya ya koɗe. Abin da nake son nunawa shi ne wannan koɗewar ba ƙaddara ba ce, ba kuma sammu ba ce. Halinmu ne na barin aikin wata goma sha ɗaya sai daren jajibere, alhali tun muna yara ake gaya mana ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin ya fi ciwo a Tambuwal, domin gari ne da ya tashi a matsayin ribaɗi a hannun Buhari ɗan Shehu Usmanu, kuma a ribaɗi doki ba kayan ado ba ne. Wanda ya yi wasa da cikin dokinsa a wancan zamani ya yi wasa da ransa. Yau aikin doki ya koma hawan Sallah, rakiyar ango, naɗin sarauta da tarbar 'yan siyasa, wato ranakun da ake ɗaukar hoto. Da aiki ya koma na ido, sai kulawa ma ta koma ta ido: kuɗin da ya kamata ya tafi ga harawa ya tafi ga sirdi, jalala da linzami mai ƙyalli.

Ga yadda abin yake a jikin dabbar. Baƙin da ke gashin doki wani launi ne da ake kira melanin, kuma jiki ba ya iya haɗa shi sosai sai da sinadarin tagulla, wato jan ƙarfe, tare da tutiya da abinci mai gina jiki. Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka, a littafinta na 2007 kan abincin dawaki, ta ƙiyasta cewa dokin da ya kai kilo 500 yana buƙatar miligiram 100 na tagulla da 400 na tutiya a rana. Dawakinmu ba su kai wannan nauyi ba, saboda haka buƙatarsu ma ba ta kai haka ba. A duba da kyau: kashi ɗaya cikin goma na giram ɗaya ake magana, abin da da ƙyar ake ganin sa a tafin hannu, shi ne ke tsakanin Alhaji da abin kunya. Matsalar ita ce karan dawa busasshe da dusa zalla ba su wadatar da doki da waɗannan. Dusa in ta yi yawa babu harawa ma tana da tata illar, tana lalata ƙashi har fuskar doki ta kumbura. Kanwa kuwa, wadda muke ɗauka maganin komai, tana da amfaninta, amma ba ita ce tagulla ba. Idan kuma sinadarin ƙarfe ya yi yawa a ruwa ko a abinci, yana tare wa tagullar hanya. Sai tsutsar ciki, wadda ke cin rabonta kafin doki ya ci nasa. Harawar wake da ta gyaɗa, ɗan ƙuli-ƙuli mai kyau wanda bai yi funfuna ba, gishirin lasa na dawaki, da maganin tsutsa a kan lokaci: duk sirrin ke nan, kuma babu ko ɗaya da sai an je Makka.

Na san amsar da za a ba ni, domin ita ake bayarwa a kowace majalisa: rana ce. Wa ya isa ya ja da ranar Sakkwato, inda zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu? Ƙaramar Sallah ta 2024 a Afrilu ta faɗo, ta 2025 a ƙarshen Maris, tsakiyar bazara. Gaskiya ne, rana tana cin launin gashi, kuma ta fi cin sa in gumi ya bushe a kai, domin gishirin gumi yana ƙara mata ƙarfi. Shi ya sa wurin sirdi da wuya ke fara yin ja. To amma ranar nan ɗaya ce daga Dogon Daji zuwa Jabo, daga Sanyinna zuwa Kuchi, ba ta zaɓar gida. Me ya sa akawal ɗin wani ke sheƙi, na maƙwabcinsa kuma ya koma kamar an tsoma shi a ruwan goro? Domin wancan ya kafa wa dokinsa rumfa ta zana huɗu, yana fitar da shi kilisa da sassafe ko da la'asar sakaliya, in an dawo a wanke gumin da ruwa zalla, a goge. Wannan kuwa ya ajiye motarsa a inuwar dalbejiya ɗaya tilo da ke ƙofar gida, ya lulluɓe ta da tamfol don kada fenti ya koɗe, dokin kuma yana tsaye a fili tun hantsi. Ya san rana tana cin launi ke nan. Ya dai zaɓi wanda zai kare.

Sai jajibere ta zo. Yaron barga ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, dokin ga fa ya yi ja." Alhaji ya leƙa, ya yi salati kamar yau ya fara ganin dabbar, ya ce, "Maza tai kasuwa ka sawo abin nan." Abin nan shi ne baƙin rinin gashi, in ya ƙare a ciko da man takalmi. Da fitilar waya ake aikin, ana shafawa da tsumma, doki yana huci yana kaɗa jela. Da safe kam ya yi baƙi, har maroƙa su ƙara murya. Amma hawan Sallah ba a cikin firiji ake yin sa ba. Kafin a kai ƙofar fada gumi ya karyo, rini ya bi gumi, farar babbar riga ta shanye shi daga cinya zuwa idon sawu, har Alhaji ya sauko da baƙin da ya fi na dokin. Ban da abin dariya akwai na tausayi, domin irin wannan rinin yakan ƙona fata, ya sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Kuma gashin da rana ta riga ta cinye ba ya komawa baƙi ko da an fara ba doki abincin sarki a daren. Sai ya zube, sabo ya fito, wannan kuwa aikin watanni ne.

Uzuri na biyu ya fi na farko nauyi, kuma ba zan raina shi ba: hatsi ya yi tsada, harawa a bazara sai mai hali, mutum bai ƙoshi da iyalinsa ba ina zancen tagullar doki? Wanda ya faɗi haka da gaske, shawararsa mai sauƙi ce, ya sayar da dokin ga wanda zai iya, babu abin kunya a ciki. Amma mafi yawan masu kawo wannan uzuri ragon layya ne ke ƙaryata su. A gidan nan dai, wata uku kafin Babbar Sallah, za ka ga rago a inuwa, ana ba shi dusa da ƙowa da harawa mai ganye, ana wanke shi da sabulu, an yi masa allurar tsutsa, uwargida tana lura da shi fiye da yadda take lura da autanta. Ashe mun san kiwo. Bambancin shi ne rago za a ci ko a sayar, doki kuwa gani kawai za a yi, kuma mun saba abin gani ana iya yi masa dabara. Gargaɗi ɗaya a nan: kada wani ya karanta wannan ya haɗa wa rago da doki gishirin lasa ɗaya. Tagullar da ke gyara doki tana taruwa a hantar tumaki har ta kashe su. Mai shakka ya tambayi likitan dabbobi, ga sashe guda na koyar da su a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Kada kuma a ɗauka mu kaɗai ne masu son gajeriyar hanya. A Amurka wasu masu baƙaƙen dawaki suna barbaɗa musu garin jan tattasai a abinci don kada su koɗe, sai kuma su daina in gasa ta matso, domin sinadarin yajin da ke cikinsa haramun ne a wasannin dawaki. Sinadarin nan ne aka samu a jikin wani doki a gasar Olamfik ta 2008, har aka ƙwace wa ƙasar Nowe lambar tagulla. Su da tattasai, mu da man takalmi.

Akwai dai dokin da ba laifin kowa ba ne. Wani ana haihuwarsa baƙi, amma jininsa na kili ne, yana girma yana fari, kuma babu harawar da za ta hana. Alamar tana fitowa tun yana ƙarami, farin gashi a kewayen ido, kuma dillalin da ya sayar da shi a matsayin akawal ya ga alamar sarai. Irin wannan doki da maigidansa su ne kaɗai nake tausaya wa, don tare suke furfura, kuma kwalba ɗaya ake raba musu. Sauran kuwa lokaci yana ƙure musu. Ƙaramar Sallah tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, nan da 'yan shekaru za ta faɗo tsakiyar hunturu, lokacin da ba za a iya ɗora wa rana laifi ba. Ina jin tuni wasu sun fara haɗa hujjojin da za su kai ƙarar ƙura.