Guzurin Kyanwa

Ɗiyar ƙanwata ta samu karatu a Ingila, ta rantse ba ta tafiya sai da kyanwarta. Muka yi ta dariya, har likitan dabbobi ya karanto sharuɗɗa: a dasa mata 'yar na'urar shaida ƙarƙashin fata, a yi mata rigakafin haukan kare, bayan kwana 30 a gwada jininta, sannan a jira wata uku. Mai satar kifin jiya, yau takardunta sun fi na maniyyaci.

Sai rigimar akwati. Dokar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ta ce sai wanda dabba za ta iya miƙewa, ta juya, ta kwanta a ciki. An sayo, kyanwa ta ƙi ko shinshina shi. Nan maƙwabciyarmu, dattijuwar da ba ta taɓa taka jirgi ba, ta karɓi aikin. Kullum da la'asar sai ta shigo da busasshen kifi, ta ajiye a bakin akwatin, gobe ta ƙara tura shi ciki. Ta shimfiɗa tsohon ɗankwalin yarinyar, wai ƙanshin uwar ɗaki zai kwantar mata da hankali. Kafin wata ya mutu, a ciki kyanwa take kwana.

Ranar tafiya sai ga dattijuwar da ƙullin kilishi.

"Hajiya, ai ba a shiga ƙasar da nama."

"To 'yar nan, haka za a kai baiwar Allah uwa duniya ba guzuri?"

Kilishin dai mu muka cinye shi a hanyar dawowa daga filin jirgi.