Gaisuwa Ga Mai Shayin Riyad

Ɗan Gwaggo, bawana na gado, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka fara durƙusawa. Saƙonninka na murya suna isowa, kowanne sai ya cinye mini cajin waya kafin ka kai ga abin da kake son faɗa. Mun ji ka ajiye alli, ka zama ƙwararren mai haɗa gahawa a wani kanti a Riyad. Na kai wa Gwaggo bidiyon har Ƙanƙara. Ga ka nan da ƙyalle ɗaure a ƙirji, ka karkata kofi, kana zana ganye da kumfar madara, har da lanƙwasa ɗan yatsa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe shayi yake sayarwa?" Na ce ai na Larabawa ne. Ta ce Allah ya yi albarka, amma kada surukanka su ji.

Ka tuna lokacin da albashin koyarwa ya daina kai ka tsakiyar wata, na ba ka shawarar kafa tebur a tasha? Har hula ka ture. Ka ce kai da takardar malanta a hannu ba za ka tsaya fifita gawayi yaran ajinka suna wucewa ba. Yau ga shi kana wanke kofuna har tsakar dare, kana amsa kiran maigida da gudu. Girman kan nan naka an ce an tsince shi a filin jirgin Malam Aminu Kano, ana ta cigiyar mai shi.

Sai kuma karatun tarihi da kake yi mana, kamar mu ba mu da rediyo. Mun sani, bishiyar gahawa daga Habasha take. Sufayen Yaman ne suka riƙe ta a ƙarni na 15 don kada barci ya kwashe su wajen zikirin dare. A 1511 gwamnan Makka, Khair Beg, ya hana shan ta, daga baya aka janye dokar. Abin da ya tsorata shi kuwa taron mashayanta ne, masu zama suna tattauna sha'anin gari da na masu mulki. Da zai leƙo kantinku yau da ya kwanta da minshari. Da bakinka ka ce kowa shi kaɗai yake zama, kwamfuta a gaba, kunne a toshe, kofi ɗaya tun la'asar har isha, ba sallama ba ban-gajiya. Kofin kuma ka ce riyal 18, kuɗin da ya fi na tiya biyu ta masara a Dandume. Zo teburin mai shayinmu na Faskari ka ga majalisa. Benci ɗaya, mutum takwas, a yanke farashin taki, a tsige kocin Arsenal, a raba kujerun siyasa, duk kafin ƙwai ya soyu. Wanda ba shi da ko sisi a rubuta shi a littafi sai kaka.

Labarin da ka ɓoye ma ya iso. An ce wani Balarabe ya gayyace ka gidansa, aka fito da gahawarsu ta gargajiya, mai ruwan ɗorawa da ƙamshin kayan yaji, ga dabino a faranti. Mai zubawa ya riƙe buta da hagu, yana miƙo finjali da dama, ɗan kaɗan a gindin kofi. Ba wanda ya gaya maka in ka ƙoshi girgiza finjalin ake yi. Kai kuma ɗan Ƙanƙara, an hore ka da cewa mayar da kyauta rashin kunya ne. Ka shanye, ka miƙa, a ƙara. Ka shanye, ka miƙa, a ƙara. Sai da hannunka ya kama kyarma don kansa, mai butar ya ɗauka alamar ƙoshi ce ya ƙyale ka. Shi ya sa ka kira ni ƙarfe uku na dare kana tambayar lafiyar akuyar Inna.

Kana ta yi mana burga wai Saudiyya ta ware 2022 sukutum a matsayin shekarar gahawarta, wai a duwatsun Jazan ake noma ta. Madalla. Mu ma a tsaunin Mambila ana noman gahawa da ganyen shayi, ba mu tara mutane mun yi shela ba. Kuma tun kafin a haifi kakan maigidanka fatakenmu ke taka sayyada zuwa Gwanja su ɗauko goro, sinadarin da ke korar barci a kofinka shi ne a cikinsa. Goro ya ɗaura auren uwarka da ubanka, ya raɗa maka suna. Faɗa mini auren da gahawa ta taɓa ɗaurawa a Ƙanƙara.

Batun jirgin ƙasan cikin gari ma ya ishe mu. An buɗe shi a Disamban 2024, layi 6, kilomita 176, ba direba. Kai da ka saba maƙalewa a bayan a-kori-kura daga Ƙanƙara zuwa Sheme, tsakanin buhu da tunkiya, yanzu har kana ƙorafin sanyin na'ura ya yi yawa. Kullum hoton dogayen benaye kake turowa ta taga. Juyo da wayar ciki mana mu ga gadajen nan masu hawa biyu, da layin banɗaki da asuba, da igama, katin izinin zamanka, da kake shafawa a aljihu duk sanda ka hango ɗan sanda.

Duk da haka ban ga laifin tafiyarka ba. Tun daren nan na Disamban 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, malami da yawa ya koma kwana da ido ɗaya. Gonar Kawu ta Sabuwa, wadda ke can gefen Birnin Gwari, akwai damunar da ko iri ba a kai mata ba. Abin da kake turowa shi ya sayi takin bara, shi ya biya kuɗin jarrabawar ƙannenka. Kumfar madarar nan ta yi abin da takardarka ba ta yi ba. In ka gaya wa wani na faɗi haka, zan rantse ba ni ba ne.

Na riga na kama maka wuri a kasuwar Sheme, kusa da kara. Ka dawo da ƙyallenka. Sai dai masu sayenka dillalan shanu ne da direbobin tirela, haɗin kauri suke so a babban kofi, da burodi mai nauyi. Ka kuskura ka zana musu ganye a kai, za su ce wani abu ya faɗa ciki, ka sake wani. Kafin nan, watan cika-ciki na tafe. Kuɗin sharata da riyal nake so, ka haɗa da na shekarun da ka tsere. In ka ƙi, igiyata na nan, kuma na ji an ce ana ba da bizar Umara.