Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Cajar Da Ta Juya Mini Baya

Zuwa ga Uwargida,
Cajar kwamfutata ta asali,
Duk inda wannan takarda ta same ki.

Ina fatan duk bangon da kike maƙale a jikinsa yanzu ana kawo masa wuta a kan kari. Idan kin tambayi mutanen gida, kowa lafiya lau, ban da Tsohuwa. Kin dai san ta, kwamfutar tafi-da-gidanka da aka kawo ku tare a kwali ɗaya shekara tara da ta wuce. Tun ranar da kika yi yaji ta daɗe ba ta ci abincin kirki ba.

Yaji nake ce wa mutane don in tsira da mutuncina, amma tsakanina da ke mun san gaskiya. A wani masauki ne a Kaduna, aka ɗauke wuta gab da asuba, na tashi ina harhaɗa kaya da fitilar waya don kada motar farko ta tafi ta bar ni. Na ɗauki buroshi, na ɗauki hula, ko silifas ɗin wanka ban bari ba. Ke kuwa kina can bayan gado a soke a bango, ba ki ce uffan ba. Sai da muka wuce Kwanar Dangora na zuge jaka na ga wurinki wayam. Na buga waya masaukin, aka ce an share ɗakin tas, ko tsinke ba a tsinta ba. Na bar wa Allah.

Sai da kika tafi na san girman aikinki. Ashe ke ce mai girkin gidan nan. Shekara tara kina karɓar ɗanyar wutar bango mai ƙarfin bolt 230, wadda ke kai da kawowa sau 50 a daƙiƙa guda, ki dafa ta, ki tace, ki sauke wa Tsohuwa ita a natse a kan bolt 19.5. Ko wutar janareton maƙwabta ce, mai hawa da sauka kamar numfashin mai asma, ba ki taɓa ƙorafi ba, don an gina ki ne ki ɗauki komai daga 100 zuwa 240. Ladan da na ba ki bai wuce baƙin salatif ɗin da na naɗa miki a wuya ba lokacin da fatarki ta fara tsagewa. Da hunturu a kanki nake ɗora tafin ƙafa ina jin ɗumi, in na ɗauke kyanwa ta karɓi wurin. Duk asalinki a rubuce yake a bayanki da haruffa ƙanana kamar ƙwayar gero, ni kuwa ban taɓa juya ki na karanta ba.

An ce rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki, sai na shiga maƙwabta aro. A nan na gane danginku ba sa ga maciji da juna. Ta malamin makarantar da ke kusa da mu Lenovo ce, bakinta mai kusurwa huɗu, ruwan ɗorawa. Ta ɗiyar mai kanti HP ce, siririya mai shuɗin baki. Wani saurayi ya fito mini da ta Apple, wadda ba a ma soke ta, maganaɗisu ne ke jan ta ta manne. Duk na gwada, Tsohuwa ko leɓe ba ta buɗe ba.

A gida na huɗu na samu wata kamar an tsaga kara da ke, baki zagayayye mai faɗin milimita 7.4, da 'yar allura a tsakiya, sai dai kamfaninku daban. Ta shige ɗas. Na fara hamdala ke nan sai Tsohuwa ta rubuto a fuskarta cewa ba ta san wannan baƙuwa ba. Ta dai yarda ta kunnu, amma ta ƙi ajiye ko loma ɗaya a batir, kuma ta koma tafiyar hawainiya, shafi guda sai na sha shayi kafin ya buɗe. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Da magariba mai ita ya aiko yaro, wai yana da aikin dare.

Washegari na nufi kasuwa. Wani mai tebur ya hango ni da kwamfuta a hammata, ya taso da fara'a kamar ya ga ɗan'uwansa.

“Alhaji, caja ce? Ka zo gidanta. Wannan mai baki goma ce, babu kwamfutar da ba ta ci. Orijina ce, ni kaina ita nake sawa.”

Ya zazzage mini kawuna a tafin hannu kamar mai tallar goro, ya nuna mini wani ɗan maɓalli a cikinta da ake turawa daga 12 zuwa 24. Na ɗaga ta na ji shakwaf, kamar gwangwanin madarar da aka shanye. Zuciyata ta ce a'a, aljihuna ya ce e, aljihu ya yi rinjaye.

Uwargida, kwana uku amaryar nan ta yi a ɗakinki, na ga abin da ya ishe ni. Da an soke ta sai ta kama wani siririn fito kamar sauro a kunne. 'Yar kibiyar da ke fuskar Tsohuwa ta dinga zabura ita kaɗai, in nufi gabas ta yi yamma. In na taɓa gefen kwamfutar sai in ji tsir a yatsa. Zafinta kuwa ya wuce na ɗumama ƙafa, kyanwa ta sansana ta sau ɗaya ta ƙaura ƙarƙashin kujera. A rana ta uku na dawo daga masallaci na tarar da autana yana wasa da maɓallin nan, ya tura shi har ƙurya, kan 24. Allah ya sa ba a kawo wuta ba. Wannan ne karon farko a rayuwata da na gode wa masu ɗauke wuta. Araha ba ta ado, ta kusa kai ni zaman makoki.

Masu ba da shawara ba su bar ni ba. Wani ya ce a yanke waya a haɗa da batirin mota. Wani ya ce a ciro batirin Tsohuwa a ɗana masa wuta kai tsaye. Daga baya na ji cewa batirin mota bolt 12 ne, bai kai ba sai an sa inbata ko cajar mota mai ɗaga wuta a tsakani. Shi kuwa batirin kwamfuta na litiyam ne, idan aka ɗura masa wuta ba lissafi yana iya kumbura, yana iya kamawa da gobara. Na gode musu, na ce zan yi tunani.

Wanda ya fitar da ni kunya wani yaro ne mai gyara, a wani ɗan shago da bai fi ɗakin kaji ba, ƙamshin dalma ya cika shi. Ana ce masa Injiniya. Na fara zayyana masa tarihi tun daga Kaduna, bai jira na kai Zariya ba ya karɓi Tsohuwa ya kifa ta, ya goge ƙura da babban yatsa, ya nuna mini wani ɗan rubutu a cikinta: 19.5V, 3.34A.

“Baba, ai ga sunan abincinta nan. Ko cajar ta ɓata, ita ba ta manta ba.”

Na ce, “Injiniya, fassara mini da Hausa.”

Ya ce bolt kamar gishirin miya ne, mai girki ke sawa, mai ci ba shi da zaɓi. Dole ya zo daidai, in ya yi yawa a ƙona hanji, in ya yi kaɗan abinci ya ƙi ciyuwa. Amfiya kuma kamar yawan tuwo ne a kwano, mai ci zai ɗebi iya cikinsa ya bar saura. Saboda haka cajar da amfiyarta ta fi ba ta cutarwa, wadda ta gaza ce matsala, don Tsohuwa za ta yi ta jan abin da babu, mai girki ta yi ta gumi har ta ƙone. Ya ɗauki biro ya buga 19.5 sau 3.34 a bayan wata rasit, ya fito 65 da 'yan kai. Ya ce shi ne wat, ƙarfinki ke nan. Mai wat 90 za ta riƙe gidan, mai 45 sai dai a yi ta haƙuri da ita.

Sannan ya nuna mini wani ɗan zane a bayan wata caja, da'ira da alamar tarawa da ta ɗebewa a gefe da gefe. Ya ce wannan ke faɗin ta ina wuta ke shiga, ta ina take fita. Yawancinku tarawa ce a ciki, amma idan aka samu mai akasin haka aka soka, a nan take za a ji ƙauri. Allurar nan ta tsakiyar bakinki kuwa, wadda na ɗauka ado ce, ashe katin shaidarki ce. Ta nan kike gaya wa Tsohuwa ko ke wace ce da yawan ƙarfinki. Baƙuwar gida na huɗu tana da allura, amma da wani yaren take magana.

“Baba, shigar baki ba ita ce dacewa ba,” in ji shi. “Aure ma ai sai an yi bincike.”

Yaron da na girme wa ubansa. Na haɗiye, don gaskiya ya faɗa.

Da daddare ɗan ƙanwata da ke jami'a ya zo ya same ni ina jimami, ya yi dariya har da riƙe ciki.

“Kawu, har yanzu kuna wannan wahalar? Ni caja ɗaya ce da ni, da ita nake cajin waya, da ita nake cajin kwamfuta.”

Ya nuna mini ɗan bakinta, USB-C, wanda ba shi da sama ba shi da ƙasa, duk ta inda ka juya shi zai shiga. Tun 2014 aka fito da shi. Abin da ya burge ni da wannan zuri'a shi ne tarbiyya. Ba sa ɗura wa kowa abinci daga zuwa. Sai an gaisa tukuna a kan bolt 5, caja ta lissafo abin da ke tukunyarta, 9 ne, 15 ne, 20 ne, kwamfuta ta zaɓi nata, sannan a zuba. Da farko iyakarsu wat 100, a 2021 aka ɗaga zuwa 240. Sai dai da na matsa shi da tambaya ya sauko. Ya yarda cewa ba kowace ƙofar USB-C ce ke karɓar caji ba, wata ta shigar da bayanai ce kawai. Ya yarda 'yar cajar waya mai wat 20 ba za ta ciyar da kwamfutar da ke aiki ba, in ma ta karɓa sai tana barci, a hankali kamar ɗigon rufi. Igiyar ma, in za ta ɗauki fiye da wat 60, sai mai 'yar ƙwaƙwalwa a cikin kanta. Na juya Tsohuwa gefe da gefe muna neman irin wannan ƙofa, babu. Ta riga zamanin zuwa duniya.

Shi ne ya ba ni labarin cewa Tarayyar Turai ta gaji da rigimar danginku, ta yi doka a 2022 cewa a koma baki ɗaya. Ta sa wa wayoyi ranar 28 ga Disamba 2024, kwamfutocin tafi-da-gidanka kuma 28 ga Afrilu 2026. Na ce madalla. Mu dokar za ta iso mana a kwantena, bayan sun yi shekaru suna mora sun sallamo mana a gwanjo. Kafin nan sai mu ci gaba da zaga maƙwabta.

Yanzu ga dalilin rubuto miki wannan takarda, gara ki ji daga bakina. Na yi miki kishiya. Injiniya ne ya yi dalili, kuma wannan karon na yi bincike, da tabarau a hancina. 'Yar gidanku ce, bazawara, 'yar gwanjo: 19.5V, 4.62A, wat 90. Ta fi ki jiki, ta fi ki nauyi, kuɗinta ya ninka na mai baki goma sau uku. Da aka soke ta Tsohuwa ba ta ce komai ba, 'yar fitilarta kawai ta kama, batir ya fara hawa ɗaya bayan ɗaya. Kyanwa ma ta dawo.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. A gefenta akwai ragowar wata farar takarda da aka taɓa mannawa, da rabin sunan wani da biro, ruwa ya wanke sauran. Ashe ita ma cajar asalin wani ce. Wataƙila yana can wata ƙasa ya gama zazzage jaka, yana rantsuwa a bango ya bar ta. Tun daga ranar na daina zargin masu share ɗaki da ƙarfi sosai.

Ɗakinki yana nan. In kin dawo za a raba kwana, ke gida, ita ofis, kuma na yi alkawarin canza miki salatif. In kuma zama ya kama ki a can, ina roƙon alfarma ɗaya. Na san duk wanda ya tsince ki irina ne, baki kawai zai duba, ya ga ya shiga, ya ce shi ke nan. Kwamfutarsa kuwa ba ta yi miki laifin komai ba. Idan ya ɗauko ki zai soka, ki yi masa abin da nake ce wa mutane kin yi mini, ki juya masa baya. Ko Allah zai sa shi ya karanta.

Tsohuwa tana gaishe ki.

Naki har kullum,
Maigidan da ya ɗauki silifas ya bar ki.