Bamange, Jikanka Mai Sanƙo Ne

Bamange bawan Fulani, barka da arziki. Labari ya iso mu har ruga cewa an yi maka tagwayen jikoki a Maigatari. An yanka raguna, liman ya raɗa Hasan da Husaina, sai uwarsu ta latsa waya ta zaƙulo musu laƙabi: Calvin da Claudia. An ce ranar Alhamis ka zagaye kara kaf, daga wajen raƙuma har wajen awaki, kana shaida wa dillalai cewa kai yanzu kakan Turawa ne. Fataken Dungas da Magarya ma sun tsallaka iyaka da labarin.

To, cinikin biri a sama ka yi. Calvin daga Latin ya samo asali, ma'anarsa mai sanƙo. Wani malamin Kirista ɗan Faransa, John Calvin, wanda ya mutu a 1564, shi ya sa sunan ya bazu. Yaro ko arba'in bai yi ba, kun riga kun ɗora masa gadon kakansa. Ai mun san abin da zanna-bukar ɗin nan take rufewa, da ba ka cire ta ko a tsakiyar bazara. Claudia kuwa gurguwa ake nufi. Sarkin Rum Claudius, wanda dakarunsa suka shiga Birtaniya a shekara ta 43, da ɗingishi yake tafiya, suna ya bi jiki.

Na ji kuma an ajiye Cameron don Gambo in ya zo. A harshen mutanen tsaunukan Sikotilan, karkataccen hanci ke nan. David Cameron ya yi firaministan Birtaniya da shi daga 2010 zuwa 2016, amma shi yana da hancin da zai karkace. Naku fa? Sai dai ku zo aro wurinmu.

Kakannin Turawa yadda namu suka yi haka suka yi: su dubi yaro, su faɗi abin da suka gani. Mu ma muna da Cindo mai yatsa shida, da Tanko ƙanin mata, da Ajuji da aka sa wa don mutuwa ta raina shi ta wuce. Su dai sun manta ma'anar nasu, kai kuma ka tsinta kana ɗaga kafaɗa.

In dole sai na Turawa, ka tambayi ubangidanka. George manomi ne da Girkanci, sarakunan Birtaniya shida suka amsa shi, kuma ya dace da mai gonar riɗi a Gagarawa. Philip mai son dawaki, ba wanda zai yi masa dariya a hawan sallar Gumel. Rachel tunkiya ce da Ibraniyanci. Wannan ka bar mana, ba mu yarda Bamange ya riƙe ko sunan dabba ba, balle igiyarta.

Watan cika-ciki ka zo da tsintsiya ka share mini ƙofar gida, ka karɓi kuɗin shararka. Ka cire hular kafin ka durƙusa.