Zuwa Ga Taubashina, Sarkin Kiwon Ɗan Issa

Ɗan goggona, bawan da na gada, ina kwana? Na san za ka ce "lahiya lau", kuma na san ƙarya ce. Labari ya tsallako iyaka har Jibiya cewa ka shiga kiwo. Duniya ta san ƙasar Maraɗi da jar akuya mai fatar da Turawa ke rububi. Kai kuwa ka zaɓi jar dabbar da ba ta cin dusa ko harawa, sai jinin baƙo. Kuɗin cizo nake nufi, kada ka yi kamar ba ka gane ba.

Da kiwon ne kawai da na yi maka fatan albarka na yi shiru. To amma an ce ka zauna gaban goggo ka rantse cewa ni na kawo maka shi daga Najeriya a cikin jakata, ranar da na zo suna. Laifi tudu ne. Bari in tuna maka abin da tocilata ta gani a ɗakin baƙinka, a daren farko, tun ban kwance jakar ba. Na ɗaga bakin katifa, sai ga ɗinkin ya yi ɗigo-ɗigo baƙi, kashin jinin da aka sha aka narkar ke nan. Ga ƙwai farare ƙanana manne a tsagar katako, ga busassun fatun da 'ya'yan suka saɓule. Ɗan kuɗin cizo sai ya yi saɓa sau 5 kafin ya girma, kowace saɓa kuma sai ya sha jini tukuna, abin da ke ɗaukar makonni. Na tarar da kaka da jika da tattaɓa-kunne. Jakata ce ta haife su tsakanin magariba da lisha?

Da safe na nuna maka hannuna, cizo a jere daga gwiwar hannu zuwa kafaɗa, ka ce sauro ne. Kada ka ɓata wa sauro suna. Shi yana sallama da kuka kafin ya ci. Naka jira yake numfashin mutum da ɗumin jikinsa su nuna masa hanya, ya soka baki ya zuba yawun da ke kashe zafi ya hana jini daskarewa, ya sha na 'yan mintoci ya koma maɓoyarsa. Sai ya yi nisa ƙaiƙayi ke tashi. Da na murƙushe ɗaya a bango, warin da ya tashi ma ya isa shaida gaban alƙali.

Hujjarka ita ce kai ba ya cizonka. Yana cizonka. Akwai mutanen da fatarsu ba ta nuna komai, kuma ban yi mamakin samunka cikinsu ba, tun muna yara bulalar malam ba ta tashi a bayanka. Amma dubi yaran gidan. Sun sosa da farce har wurin ya ɗauki ruwa ya zama gyambo. Ɗanka yana gyangyaɗi a lakwal, kana cewa lalaci ne ya gado daga dangin uwa. Matarka kan farka cikin dare tana kakkaɓe zane ko babu komai a kansa. Likitoci ba su same shi da yaɗa cuta yadda sauro ke yi ba, wannan kam na ba shi gaskiyarsa. Amma inda ya yi katutu yana iya rage wa ƙaramin yaro ko tsoho jini, ga rashin barcin da ke mai da mai haƙuri mafaɗaci. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne gidan sauron da ka cire ka jefa bayan ɗaki don ka gan su a ɗinkinsa. Da damina, a bakin Gulbin Maraɗi! Ka bar wa zazzaɓin cizon sauro ƙofa don ka huce haushin ƙwaro.

Zancen ɗan wace ƙasa ne shi kuwa, ka bar shi. Najeriya ta rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, motoci suka yi layi, shinkafa ta koma bin daji. Shi ko a jikinsa. 'Yan duwan da jandarmomin Ɗan Issa ba su taɓa tambayarsa takarda ba. Yana cikin dilar gwanjo, yana ƙarƙashin kujerar mota, yana tsohuwar katifar da aka saya da araha, kuma yana iya yin watanni bai ci komai ba yana jiran mai rabo. Macen kan zuba ƙwai ɗaruruwa a rayuwarta. Ko Paris da kake ambata kamar a can aka yanke maka cibiya, a 2023 sai da ta rikice, ana ɗaukar hotonsa a jirgin ƙasa da gidan silima ana shirin wasannin Olamfik. Hukumar lafiyarsu ta ce kashi 11 cikin 100 na gidajen Faransa sun yi fama da shi tsakanin 2017 da 2022. Ka ga ba ruwansa da ƙazanta ko talauci. Bambancinka da su shi ne su sun faɗa da bakinsu, kai kana neman wanda za ka ɗora wa.

Nan zan ajiye wasa kaɗan. Na ji ka sayo fiya-fiya da Sniper za ka yi wa ɗaki wanka ka rufe ƙofa. Guba ce da ke kama numfashi, Faransa ta haramta ta tun 2013. Ƙwayar nan ta ajiyar wake kuwa kada ma ta kusanci ɗakin kwana. Iskarta na bi ta tsagar bango ta kashe mai barci a ɗakin kusa. Magungunan feshi da yawa ƙwaron ya riga ya saba da su, ƙwansa ma ba su cika taɓa shi ba. Kada kuma ka ƙona katifa ka sayo ta gwanjo, an sayar da kare an sayi biri ke nan.

Abin da ba ya jurewa zafi ne, shi kuwa Allah ya hore muku shi kyauta. A kwance gadon, a bi kowace gaɓa da tafasasshen ruwa. Zannuwa da gidan sauro a jiƙa su a ruwan zafi, a mayar da gidan sauron inda yake. Abin da ba ya wankuwa a ɗaure shi tamau cikin baƙar leda a ajiye a ranar bazara, don shanya a fili kawai komawa ƙasan katifa yake yi ya sha inuwa. A yaɓe tsagogin bango, a janye gado daga jikinsa. Bayan kwana 10 a maimaita, lokacin ƙwan da ya tsira ya ƙyanƙyashe. Sai kuma mai wuyar: ka gaya wa maƙwabcin da kuka haɗa bango, ko da zai yi maka dariya.

Ina nan zuwa cikin watan cika-ciki karɓar haƙƙina. Ka tanadi kifin tafkin Madarumfa da tabarmar kaba sabuwa, a tsakar gida zan kwana. Jakata kuma hannunka zan miƙa ta tun daga tasha, ka bincike ta gaban goggo.