Ladubban Tarbar Sabon Kundin Mogwai: Jagora ga Masoyi Mai Saurin Yanke Hukunci

Kiɗan da ake kira post-rock, wato abin da ya biyo bayan kiɗan rok, suna ne da marubucin Ingila Simon Reynolds ya yaɗa a shekarar 1994, sa'ad da yake sharhi a mujallar Mojo kan kundin Hex na ƙungiyar Bark Psychosis, kuma abin da yake nufi shi ne a ɗauki kayan kiɗan da aka saba da su, irin su jita da ganguna da jitar bes mai kaurin amo, a sa su wani aiki dabam, inda ake gina sauti hawa-hawa kamar yadda magini ke ɗora tubali, maimakon a jera baiti da amshi. Bahaushe ya riga ya raba kiɗa da waƙa, saboda haka fahimtar wannan fanni ba za ta yi masa wuya ba: a nan kiɗa ne mai gida, muryar mawaƙi kuwa baƙuwa ce da takan leƙo jifa-jifa. Daga cikin ƙungiyoyin da suka yi fice a fannin akwai Mogwai, wadda Stuart Braithwaite da Dominic Aitchison da Martin Bulloch suka kafa a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan a 1995, wadda kuma ta tara masoya masu wata ɗabi'a mai ban mamaki, domin mutumin da zai iya zama shiru na minti goma sha shida yana jiran kiɗa ɗaya ya nuna, shi ne kuma yake kasa jiran minti uku kafin ya bayyana wa duniya ra'ayinsa ranar da sabon kundi ya fito. Irin wannan masoyi ne ake yi wa wannan jagora, kuma kundin da ya fi dacewa a yi misali da shi shi ne As the Love Continues, na goma a jerin kundayensu, wanda ya fito ranar 19 ga Fabrairu, 2021.

Abin da ya kamata masoyi ya fara tanada shi ne wurin zama, sa'an nan ya duba inda ya ajiye kofin shayinsa. Dalilin wannan gargaɗi yana cikin kundinsu na farko, Young Team na 1997, inda kiɗan «Like Herod» yake yin ƙasa-ƙasa har ya koma kamar raɗa, sai jitar bes kaɗai ke motsi a hankali, ta yadda sabon shiga yakan zaci lasifikarsa ce ta samu matsala, ya miƙa hannu ya murɗa ƙara har ƙarshe, ya karkata kunne, ya kai kofi bakinsa; a daidai wannan lokaci ne jitoci da ganguna suke faɗowa gaba ɗaya kamar rufin kwano ya rufta, shayi ya tafi gaban riga, kyanwa ta bi ta taga, maƙwabci kuma ya fito tambayar ko lafiya. Wannan sauka da tashi tsakanin shiru da tsawa shi ne ƙashin bayan salon, kuma duk wanda ya taɓa faɗa wa tarkon yakan shiga kowane sabon kundi da yatsa a kan maɓallin rage ƙara, yana jiran aradun da wataƙila ba za ta faɗo ba. Ya kyautu ya sauke hannun, domin mai jiran tsawa ba ya jin yayyafi, kuma yawancin gwanintar waɗannan makaɗa tana cikin yayyafin ne. Haka nan bai halatta a saurari kundin ta lasifikar waya a cikin hayaniyar titi ba, sa'an nan a ce babu komai a cikinsa, tunda ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da amon bes, wanda a kansa aka ɗora rabin ginin.

Bayan saurare sai ƙorafi, wanda hakki ne na masoyi, amma yana da ƙa'ida. Masoya sukan rabu gida biyu: akwai 'yan da tsohuwar zuma ake magani, waɗanda a wurinsu komai ya ƙare tun Young Team da Come On Die Young na 1999, kuma kukansu shi ne ƙungiyar ta sauya, akwai kuma waɗanda suka riƙe cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, su kuma kukansu shi ne ƙungiyar ta ƙi sauyawa, tana ta dafa miya ɗaya shekara ashirin da biyar. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, sai dai wajibi ne masoyi ya zaɓi gida ɗaya ya zauna, aƙalla har a tashi daga hira, domin an sha ganin mutum guda ya ce sun watsar da asalinsu, kafin shayi ya huce kuma ya ce kundin maimaici ne kawai. Wanda ya zaɓi gidan tsohuwar zuma yana bukatar ya yi bitar tarihi kafin ya buɗe baki. Idan abin da ya ɓata masa rai shi ne Braithwaite ya rera waƙa da muryarsa a «Ritchie Sacramento» ta kundin 2021, to ya tuna cewa shi Braithwaite ɗin ne ya rera «Cody» tun a 1999, a cikin Come On Die Young, kundin da masoyin yake rantsuwa da shi, kuma a Young Team ma an ji muryar Aidan Moffat na ƙungiyar Arab Strap. Idan kuwa kayan lantarki ne suka tsaya masa a wuya, ya sani cewa Barry Burns, mai kaɗa fiyano da na'urar haɗa sauti, ya shigo ƙungiyar tun 1998, kuma shi ne ya saba rera waƙa ta cikin bokoda, wato na'urar da ke murɗe muryar ɗan Adam ta koma kamar ta inji, har ba a iya tsintar kalma ɗaya. Wanda kuma zai ɗora laifi a kan mai tsara sauti ya yi hattara, domin Dave Fridmann, wanda ya tsara kundin 2021, shi ne dai ya tsara na 1999.

Akwai jimla guda da masoyi zai yi kyau ya rage amfani da ita, ita ce cewa kundin ya yi kama da kiɗan fim, wadda wasu ke faɗa da nufin yabo, wasu da nufin suka, har ta rasa nauyi a bakin kowa. Mogwai sun daɗe suna yi wa fina-finai kiɗa, ciki har da fim ɗin 2006 na Douglas Gordon da Philippe Parreno, wanda kyamarori goma sha bakwai suka bi Zinedine Zidane shi kaɗai a wasan Real Madrid da Villarreal na watan Afrilun 2005, da kuma shirin talabijin na Faransa mai suna Les Revenants, don haka gaya musu cewa kiɗansu ya yi kama da na fim daidai yake da gaya wa mahauci cewa rigarsa na warin nama. Abin da zai amfani mai sauraro shi ne a faɗa masa a wane minti ne ganguna suka shigo, da abin da suka tarar, da abin da suka bari.

Game da sunayen kiɗe-kiɗen, shawara a taƙaice ita ce kada masoyi ya kwana yana neman fassararsu. Ƙungiyar da ta ɗauko sunanta daga wata 'yar halitta ta fim ɗin Gremlins na 1984 ta saba laƙaba wa kiɗa mai sa hawaye suna na barkwanci, kuma «Ritchie Sacramento» kansa ya samo asali ne daga kuskuren furta sunan makaɗin Japan Ryuichi Sakamoto, ko da yake waƙar ta juyayin abokan da suka rasu ce, ciki har da mawaƙin Amurka David Berman. Masoyan ƙungiyar Explosions in the Sky ta jihar Tezas sun ɗanɗana kuɗarsu a 2023, lokacin da kalmar End, wato ƙarshe, ta bayyana a kan sanarwar rangadinsu, aka shiga zaman makoki tun kafin a ga gawa, daga baya ta tabbata cewa sunan sabon kundi ne, ƙungiyar kuma tana nan daram.

Jarrabawa mafi tsanani ga masoyin wannan fanni ita ce ranar da ƙungiyarsa ta yi kasuwa. Mutum ne da ya shafe shekaru yana jin daɗin cewa ya san abin da jama'a ba su sani ba, yana ambaton sunan ƙungiyar a taro don a tambaye shi su wane ne, kuma irin wannan jin daɗi yana da wuyar rabuwa. An naɗi As the Love Continues a cikin kullen annobar korona, makaɗan suna ɗakin naɗar sauti na Vada a yankin Wustasha na Ingila, Fridmann kuma yana Amurka yana ba da umarni ta hoton bidiyo, a lokacin da babu dandalin wasa ko ɗaya a buɗe, wanda kuwa daga nan ne makaɗa ke samun yawancin abin sawa a baka. Kundin ya fito a ƙarƙashin Rock Action, kamfanin faifai na ƙungiyar da kanta, kuma mako guda bayan fitowarsa ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin cinikin kundaye na Birtaniya, yana gaban kundin mawaƙin gambara Ghetts, karo na farko a tarihinsu, shekara ashirin da biyar bayan faifansu na farko. Kafin nan mafi girman matsayinsu shi ne na shida, da Every Country's Sun na 2017. A cikin 2021 ɗin ne kuma As the Love Continues ya shiga jerin masu neman kyautar Mercury, ya kuma lashe kyautar kundin shekara ta Sikotilan. Masoyin da ya ji wani ɗan ɗaci a maƙoshi da wannan labari, kamar an shiga gonarsa ba sallama, yana da izinin yin jimami na yini ɗaya, bayan haka sai ya wanke fuska ya shiga sahun masu murna, domin masoya irinsa ne suka sayi faifan garmaho da faifan CD har abin ya kai haka, kuma kiɗa na tsawon sa'a guda wanda yawancinsa babu mawaƙi bai saba kaiwa wannan matsayi ba. Wanda bai sayi komai ba, ya saurara kyauta sau ɗaya yana wanke-wanke, muryarsa a wajen ƙorafi ya kamata ta yi daidai da kuɗin da ya kashe.

Saura batun lokaci, wanda a kansa ne yawancin masoya ke tuntuɓe. Kundi irin wannan yana bukatar a ji shi daga farko har ƙarshe ba tsallake, sau uku aƙalla, a ranaku dabam-dabam, ɗaya daga ciki da dare bayan gida ya yi tsit, saboda kunnen da ya zo neman tsohon kundi a cikin sabo yakan ɓata zaman farko gaba ɗaya yana cigiya, sai a zama na biyu ko na uku yake fara jin abin da ke gabansa. Idan bayan haka masoyi ya ga har yanzu kundin bai kai Young Team ba, ya faɗa da babbar murya, ya kawo hujjarsa minti-minti, za a kuma saurare shi da girmamawa, tunda ya biya kuɗin shiga. Ƙungiyar dai ta sake fitar da wani kundin, The Bad Fire, a watan Janairun 2025, wanda John Congleton ya tsara, ga shi nan yana jiran duk mai son gwada waɗannan ladubba. Mai karatun da bai taɓa jin Mogwai ba kuwa ya fara da Young Team, ya sanar da maƙwabta tun da rana, ya kuma ajiye kofin shayinsa a ƙasa kafin kiɗa na biyu, wato «Like Herod», ya fara.