Dutsen Niƙa Ya Shiga Birni

Ƙanwata ta zo Sabuwa daga Abuja tana nuna mana hoton kicin ɗinta. A tsakiyarsa an kafa wani faffaɗan tebur, samansa dutse ne ruwan toka, sumul kamar madubi. Ta ce sai da ta zaga kasuwa kafin ta zaɓi launin, don yana ɓoye ƙurar hunturu. Sai dai yana da dokoki: manja ba ya kwana a kansa, ruwan tsamiya da lemun tsami suna iya dusashe shi, kuma duk shekara ana shafe shi da maganin toshe ƙofofinsa.

Inna ta karɓi wayar ta ƙura ido, ta ce, "Ina ɗan dutsen?"

"Inna, ai ba a niƙa a kansa."

"To, ke kike masa bauta ke nan. Nawa ga shi can gindin rumbu, shi ma ruwan toka. Masarar garin nan ba wadda bai sani ba. In ya yi santsi, makoɗi muke sa masa. Naki wannan, kawo shi in koɗa miki."

Tun ranar ƙanwata ba ta sake gayyatar Inna Abuja ba.